Ƙiyasi uku, manhaja ɗaya: yadda wata hukuma a Washington ta gama aikin da ya ƙi ƙarewa

## Mafari: 1995 zuwa 2001

Wannan lamari na wata hukumar binciken manyan laifuka ne ta gwamnatin tarayyar Amurka, mai hedikwata a Washington da ofisoshi a faɗin ƙasar, wadda ma'aikatanta sun haura 30,000. A nan za a kira ta hukumar kawai, kamfanonin da suka yi mata kwangila ma ba sai an kama suna ba. Abin dubawa shi ne aiki guda da aka ƙiyasta kuɗinsa da lokacinsa har sau uku cikin shekara 11, da abin da ya biyo bayan kowane ƙiyasi.

A wancan lokacin aikin hukumar duk a kan fayil yake tafiya. Jami'i ya je ya yi hira da shaida, ya dawo ofis ya rubuta rahoto, ya buga a takarda, ya sa hannu, ya kai wa na gaba da shi ya sa nasa, sannan takardar ta jira mai shigar da ita cikin kwamfuta. Manhajar da ke riƙe da waɗannan fayiloli tun 1995 aka girka ta. Baƙin allo ne da koren rubutu, komai sai an buga umarni da maɓallai, rubutu kaɗai take ɗauka, babu hoto babu murya. Jami'ai da yawa sun gwammace su riƙe bayanansu a takarda da su yi ta fama da ita.

A watan Yulin 2001 wani jami'in hukumar a birnin Phoenix ya rubuta takarda yana jan hankali kan wasu mutanen da ake zargi da ke shiga makarantun koyon tuƙin jirgin sama. Takardar ta shiga tsarin, amma ba ta isa hannun masu iya ɗaukar mataki a kan lokaci ba. Bayan wata biyu aka kai harin 11 ga Satumba. Kwamitin da ya binciki harin ya fitar da rahotonsa a 2004, kuma cikin raunin da ya lissafa har da kayan sarrafa bayanan hukumar. Tun daga lokacin sabuwar manhajar fayil ta zama abin da majalisar dokokin ƙasar ke tambaya a kai kusan duk zama.

## Ƙiyasi na farko: 2001 zuwa 2005

An ba da kwangilar a 2001, kafin harin, kuma da farko aikin bai wuce a yi wa tsohuwar manhajar sabuwar fuska ba. Bayan harin sai aka ce a rushe, a gina sabuwa fil. Aka zauna aka rubuta takardar buƙatu mai shafi fiye da 800. Shirin shi ne rana ɗaya a kashe tsohuwar manhaja, washegari kowa ya tashi a kan sabuwa, babu hanyar komawa baya. Ana cikin gini hukumar na ta aiko da canje-canje, ɗaruruwansu.

Kamfanin ya miƙa aikin a Disambar 2003, hukumar ta ce ba za ta karɓa ba. Aka shafe fiye da shekara ana jan-in-ja, a 2005 aka yi watsi da manhajar ba tare da ta shiga aikin yau da kullum ba. Kimanin dala miliyan 170 aka kashe a kanta.

## Ƙiyasi na biyu: Maris 2006 zuwa tsakiyar 2010

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A zagaye na biyu hukumar ta yi kaffa-kaffa: sabon ɗan kwangila, babban kamfani mai suna a harkar tsaro, ofishin sa ido na musamman, da masu bincike daga waje. A Maris 2006 aka sa hannu. Ƙiyasin shi ne dala miliyan 425, mataki huɗu, a kammala a Disambar 2009.

Mataki na farko ya fito a Yunin 2007, kuma ya yi aiki. Sai dai abin da ya ƙunsa ƙofar shiga ce ta zamani da aka ɗora a kan tsohuwar manhajar, da akwatin da jami'i ke ganin fayilolin da ke hannunsa. Ainihin nauyin, wato cike fom a kwamfuta, tura shi daga tebur zuwa tebur, sa hannu ba da biro ba, da kwaso bayanan shekaru daga tsohon rumbu, duk an bar su ga matakan gaba. Bayan wannan aka sake lissafi, kuɗin ya koma dala miliyan 451, ranar gamawa ta matsa zuwa 2010, aka kuma raba mataki na biyu gida huɗu don a riƙa ganin abu da wuri.

A mataki na biyun ne aikin ya cije. Abin da aka kawo yana da nauyin tafiya, yana da wuyar amfani. A Maris 2010 hukumar ta umarci kamfanin ya dakatar da wani ɓangare na aikin, daga baya ta faɗaɗa umarnin. Zuwa Agustan 2010 an kashe dala miliyan 405 cikin 451, kusan kashi 90 cikin ɗari ke nan, alhali mataki biyu kacal aka taɓa cikin huɗu. Ofishin babban sufeton ma'aikatar shari'a, wanda shi ke bin diddigin aikin, ya ce an makara da kimanin shekara biyu, an kuma zarce kasafin abin da aka yi da kimanin dala miliyan 100. Cikin fom 18 da aka tsara, huɗu kawai jami'i ke iya cikewa a sabuwar manhajar, su ɗin ma sai ya buga a takarda ya kai a sa hannu, kamar dai a 1995.

Hukumar ta ɗauko wata cibiya mai zaman kanta ta ƙiyasta abin da ya rage in aka ci gaba a yadda ake. Amsar ita ce ƙarin dala miliyan 351 da ƙarin shekara shida.

## Ƙiyasi na uku: Oktoba 2010

A lokacin shugabannin sashen fasahar hukumar sababbi ne, kuma sun zo da wata shawara daban. Hukumar ta karɓe ragamar aikin daga hannun kamfanin. Shirin ya ce a rage masu aikin daga kimanin 220 zuwa kimanin 40, a tara su wuri ɗaya a ƙasan ginin hedikwata tare da jami'an da za su yi amfani da manhajar, a kuma koma salon da ake kira ajayil. An yi alkawarin gamawa cikin wata 12 a kan kimanin dala miliyan 20.

Salon ba sabo ba ne. A Fabrairun 2001 wasu masu rubuta manhaja su 17 suka haɗu a Snowbird da ke jihar Utah suka fitar da ƙa'idojinsa, reshensa da hukumar ta ɗauka kuwa, Scrum, tun tsakiyar shekarun 1990 Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka bayyana shi. Aiki ake yi zango-zango. A aikin hukumar kowane zango mako biyu ne, kuma a ƙarshensa dole a nuna wani abu mai aiki a gaban masu shi, su taɓa da hannunsu.

Kafin a fara sai da aka warware tulin buƙatun nan zuwa ƙananan gutsattsari 670. Kowane gutsure ana rubuta shi ne da bakin mai amfani, a jimla ɗaya ko biyu. Siffarsa kamar haka take: ni jami'i ina so in tura rahotona ga shugabana ya amince da shi a kwamfuta, don kada in buga takarda. Daga nan aka ba kowane gutsure maki gwargwadon nauyinsa. Da aka tara, makin ya kama 3,093. Aka tsara zango 21.

Maki ba awa ba ne, ba kuma kwana ba ne. Awo ne na kwatance. Tawaga takan ɗauki ƙaramin aikin da kowa ya fahimta ta ce wannan maki 2 ne, sauran kuma a riƙa auna su da shi: wannan ya ninka shi, wancan ya ninka shi sau huɗu. Dalilin yin haka shi ne mutum ya fi iya cewa buhun nan ya fi wancan nauyi a kan ya faɗi kilo nawa ne a ciki. Lambobin da aka saba amfani da su suna buɗewa ne in ana hawa, 1, 2, 3, 5, 8, 13, saboda duk yadda aiki ya girma haka duhun da ke cikinsa ke ƙaruwa, kuma ba wanda zai iya rantsuwa cewa aiki 11 ne ba 12 ba.

Hanyar da ta fi yaɗuwa wajen ba da makin ita ce ta kati, wadda James Grenning ya bayyana a 2002. A ce mutum bakwai ne a kan tebur, kowa da katunansa a hannu. Aka karanta gutsuren nan na sa hannu a kwamfuta, aka yi 'yan tambayoyi, kowa ya zaɓi kati ya kife. Sai a buɗe lokaci ɗaya, don kada ƙaramin ma'aikaci ya ga na babba ya bi. Biyar suka ɗaga 5, ɗaya ya ɗaga 3, wata ta ɗaga 13. Ba a tara a raba. Mai 3 da mai 13 ake tambaya. Mai 3 ya ce ai akwai makamancin wannan da aka riga aka rubuta, gyara kawai za a yi. Mai 13 ta ce to in shugaban yana hutu wa zai amince, kuma in an gyara rahoton bayan an sa hannu, sa hannun na nan ko ya faɗi? Sai ɗaki ya yi tsit, don ba wanda ya yi tunanin haka. Tambayar nan tata ta fi lambar da za a tsaya a kai amfani, domin a minti biyar ta tono abin da da sai bayan wata uku za a yi tuntuɓe da shi.

Rabin lissafin ke nan. Ɗaya rabin shi ne gudun tawaga, wato maki nawa take gamawa a zango ɗaya, kuma wannan auna shi ake yi bayan an yi aikin. Tela mai hankali in sallah ta gabato ba ya karɓar ɗinki da fatan alheri. Ya san kaya nawa shagonsa ke fitarwa a mako saboda ya ƙirga a makonnin baya, ya san babbar riga mai aiki ta fi kaftani uku cin lokaci, sai ya lissafa makonnin da suka rage ya san inda zai ce ya isa. Haka tawaga ke yi: makin da ya rage a raba da gudun da aka gani, a sami yawan zangon da ya rage.

A Oktoban 2010 tawagar hukumar ba ta yi ko zango ɗaya tare ba, saboda haka babu gudun da aka auna. Amma in aka raba 3,093 gida 21, za a ga shirin na bukatar maki 147 a kowane mako biyu, tun daga zangon farko har na ƙarshe. Ofishin babban sufeto ya nuna shakkarsa a kan jadawalin da kuɗin tun a rahoton da ya fitar a watan.

## Rabin hanya: Agusta zuwa Oktoba 2011

Aka yi ta zango. Duk bayan mako biyu ana tara masu ruwa da tsaki a nuna musu abin da aka gina, jami'ai su gwada, su ce wannan ya yi, wannan ba haka muke aiki ba. Ana kuma zana ragowar makin a jadawali, layin na gangarowa a hankali.

Zuwa ƙarshen Agustan 2011 lokacin zango 21 ɗin ya cika ko ya kusa, makin da aka gama kuwa rabi ne. Gudun tawagar ke nan ya tsaya wajen rabin 147 ɗin da ake nema. Aka ƙara zanguna, ranar gamawa da aka sa, wato Satumba, ta wuce.

Masu bin diddigi sun ɗaga wata tambayar a wannan tsakanin. Hukumar na da sharuɗɗan da gutsure zai cika kafin a ce an gama shi, amma ba ta ajiye cikakkiyar shaidar cewa kowane gutsuren da aka ƙirga ya cika su ba. In kuwa ana ƙirga abin da bai gama dahuwa ba, gudun da ke kan takarda zai fi na gaskiya.

A Oktoban 2011 aka yi babban gwaji. Ma'aikata fiye da 700 daga ofisoshi daban-daban suka hau manhajar lokaci guda. Sau biyu tana ɗaukewa. Da aka bincika sai aka ga tsofaffin injinan da ke ɗauke da ita ba za su iya nauyin ba, alhali 700 ɗin ko kashi uku cikin ɗari na masu jiran ta ba su kai ba. Dole aka sayo sababbin injina, ranar fitarwa ta sake matsawa zuwa cikin 2012.

## Sakamako: Yuli 2012 da bayansa

Ranar 1 ga Yulin 2012 aka buɗe manhajar ga duk ma'aikatan hukumar. Wata 21 ke nan da fara zagaye na uku. Jami'i na iya rubuta rahoto, ya tura, a amince, ya shiga fayil, ba a taɓa takarda ba. Hukumar ta ce jimillar kuɗin dala miliyan 441 ne, ƙasa da 451 ɗin da aka ware.

Ofishin babban sufeto ya yi ƙarin bayani a kan wannan lamba. Miliyan 451 na asali ya haɗa da kuɗin kula da manhajar na shekara biyu bayan kammalawa, 441 ɗin kuma bai haɗa ba. Sannan a tsawon aikin an soke wasu buƙatun, an gyara wasu, an ƙara wasu, har wasu tsofaffin manhajojin da aka ce sabuwar za ta haɗiye suka ci gaba da aiki a gefe.

## Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina kuskure ne a ba da wannan labari a ce ajayil ya gyara ƙiyasi. An ce wata 12, aka yi 21. Cibiyar da ta ce shekara shida ita ma lissafinta bai zo daidai da abin da ya faru ba, ko da yake ita hanyar da ake kai ta auna. Tun 1981 masanin harkar manhaja Barry Boehm ya nuna cewa ƙiyasin farkon aikin manhaja na iya kaucewa har ninki huɗu, sama ko ƙasa, kuma babu abin da ke rage wannan tazara sai yin aikin. Lambar 147 ba daga tawagar ta fito ba. Daga kalanda ta fito da ragowar kuɗin da ke asusu, aka raba makin a kai. Wannan shi ne babban raunin shirin, kuma abu ne da ake yawan yi: a ɗauki kayan awon ajayil, a ɗora musu ranar da aka riga aka yi wa manya alkawari.

Abin da ya canja shi ne abin da ake ƙirgawa. A zagaye na biyu ana auna ci gaba da matakan da aka wuce da kuɗin da aka kashe, kuma an jera aikin ta yadda mai sauƙi ya zo farko, saboda haka sai da kuɗi ya kusa ƙarewa kafin girman ramin ya bayyana. A zagaye na uku kuwa duk mai iya raba lamba zai duba jadawalin bayan zango biyar ko shida ya ga layin ba zai taɓa ƙasa a Satumba ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wadda ba za ta yi ba ma haka. Ga kuma sauƙin kuskure: mutum 40 in suka makara wata tara, abin da za su ci bai kama ƙafar abin da 220 za su ci ba.

Na biyu shi ne zaman wuri ɗaya. Tambayar da a da sai ta zama wasiƙa tsakanin hukuma da kamfani, a tantance ko tana cikin kwangila, a sa mata farashi, yanzu juyawa ake yi a tambayi jami'in da ke kujerar kusa. Yanke buƙatu ma ya yiwu ne saboda mai aikin da mai kuɗin sun zama ɗaya. Ni ban ga laifin yankan ba, domin in lokaci da kuɗi sun tsaya cak, girman aiki ne kaɗai ya rage a taɓa, kuma gara a bar abin da jami'ai suka ce ba ya gabansu. Inda nake da ja shi ne a fito da 441 a ajiye kusa da 451 kamar kaya ɗaya aka saya. Haka nan masu kwatanta miliyan 20 da miliyan 405 suna mantawa cewa tawagar ƙarshe ba daga fili ta fara ba. Ta gaji buƙatun da aka riga aka tattara, da wani ɓangare na ginin, da darasin faɗuwa biyu.

Gwajin Oktoba ne ya fi damuna. Maki 3,093 ɗin duk abin da jami'i zai gani a allo suke aunawa. Ƙarfin injina a ƙarƙashin dubban mutane ba ya fitowa a nunin ƙarshen zango, inda mutum ɗaya ke danna maɓalli sauran na kallo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da an yi irin wannan gwaji tun a watannin farko, ko da da ɗan abin da aka gina ne, da sayen injina ya tafi kafaɗa da kafaɗa da rubutun manhaja, maimakon ya tsaya a gaba yana tare hanya. Jerin gutsattsari na nuna abin da aka tuna aka rubuta ne kawai, kuma aikin da ba a rubuta ba makinsa sifili ne har ranar da zai fito.

Akwai kuma tazara tsakanin an gama da ya biya bukata. A Satumban 2014 ofishin babban sufeto ya fitar da sakamakon jin ra'ayin ma'aikatan da ke amfani da manhajar. Mafi yawansu sun ce ta sauƙaƙa musu aikin yau da kullum, ta kuma taimaka wajen raba bayanai. Ɓangarori biyu ne suka fi kuka da su: jera sunaye da bayanai a fayil, wanda suka ce yana cin lokaci, da neman bayani, wanda suka ce sau da yawa yakan kwaso tarin abin da ba a nema ba ko ya kasa fito da abin da aka san yana ciki. Neman bayanin nan kuwa shi ne matsalar da takardar Phoenix ta tona a 2001, kuma shekara biyu bayan an rufe jadawalin maki ma'aikatan na nan suna jiran a gyara shi.